Ranar da Delbert Rusk Ya Yi Ruwan Gugguru

Tuta ɗaya tak ke rataye a rufin zauren ƙwallon kwando na Kwalejin Bellwick, kuma ta shekara arba'in da ɗaya a wurin, har janta ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Ita ce shaidar cewa mun taɓa zuwa gasar ƙasa sau guda. An kore mu tun a wasan farko da ratar maki talatin, amma wannan ba a faɗarsa a garinmu.

To, bana sai ga mu a bakin ƙofa. Shahunan Bellwick suka kai wasan ƙarshe na yanki, za su kara da Bijiman Ostrander a zaurenmu ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana. Wanda ya ci ya tafi gasar ƙasa, wanda aka ci ya koma gida ya kalla a talabijin. Ga shi Koci Voss, wanda ya shekara ashirin da shida yana horar da yaranmu, daga bana zai ajiye aiki. Gari ya yi tsit, don a wurinmu ba a ɗinka tuta kafin a ci wasa, ko ambatonta ba a yi. Kowa ya kama bakinsa, ban da Delbert Rusk.

Delbert mai gonar masarar gugguru ne, ƙaton mutum mai tumbi, kuma shi ne shugaban ƙungiyar magoya baya, saboda ranar zaɓe babu wanda ya ɗaga hannu sai shi. In ka zauna da shi minti biyar zai gaya maka yana cikin tawagar da ta samo tsohuwar tutar nan. Gaskiya ne akwai shi a hoton, amma kunnensa ɗaya ne kawai ya fito a gefe, don ya zo kawo ruwan sha aka ɗauka. Ya kuma yi wata takwas yana karatun injiniya kafin a nuna masa hanyar gida, shi ya sa har yau ba ya fita sai da agogon auna gudu a wuyansa.

Ranar Litinin da safe ya banko ƙofar gidan abincin wata mata mai suna Wanda, inda dattawan gari ke cin fanke da shan kofi.

“Wanda, cika mini kofi, ki kuma buɗe kunnenki. Jama'a, me ake zubowa daga sama a manyan zaurukan ƙasar nan idan an ci wasan ƙarshe?”

“Yankakkun takardu,” in ji wani.

“Takardu! Abin fyace majina. Mu garin masara ne. Ranar Asabar, ana busa tashi, za a yi ruwan gugguru a zauren nan, buhu arba'in, sabuwar tuta ta warware a tsakiyarsa. Duk ƙasar nan sai ta gani.”

Wanda ta tsaya da butar kofi a hannu. “Wace sabuwar tuta?”

“Wadda na ba da ɗinki tun makon jiya.”

Aka ajiye cokula. Otis Pruitt, tsohon mai kula da zauren, wanda ya shekara talatin yana goge katakon filin nan kamar madubin matarsa, ya juyo a hankali.

“Delbert, ba a ci ba tukuna.”

“An ci mana. Saura a buga kawai.”

“Bakinka ya sari ɗanyen kashi,” in ji Wanda.

“Ke dai soya fanke. Harkar ƙwallo ki bar wa waɗanda suka taɓa zuwa gasar ƙasa.”

“Kunnenka ne ya je. Shi kuma ba ya jin magana.”

Aka kwashe da dariya, Delbert ma ya taya su, don shi duk dariyar da aka yi a gabansa ɗauka yake yabo ne.

Yadda ya samu makullin zauren abin takaici ne. Ya je wurin shugabar kwalejin ya ce ɗan ado kawai zai rataya, ita kuma tana sauri ta sa hannu. Ranar Talata da hantsi, kafin yara su zo atisaye, ya sa Otis ya jingina masa tsani. Akwai wata siririyar gadar ƙarfe can ƙarƙashin rufi wadda masu gyaran fitilu ke bi, matakalarta kuma an yanke ƙasanta don kada ɗalibai su hau, sai da tsani ake kama ta. Delbert ya hau yana nishi, ya tsaya a tsakiyar gadar da bokitin gugguru.

“Otis, matsa! Zan auna.”

Ya saki tafi guda, ya danna agogonsa. Ya sake. Ya sake. A karo na bakwai bokitin ya suɓuce, ya zo ya wuce kunnen Otis da kamu ɗaya, ya bar tabo a katako.

“Wannan ba ya cikin lissafi,” in ji Delbert daga sama.

Da ya sauko sai ya dafa kafaɗar tsohon, ya yi ƙasa da murya. “Sakan huɗu cif. Haka gugguru ke ɗauka daga rufi zuwa ƙasa. Jahili zai jira a busa tashi sannan ya ja igiya, jama'a su yi ta ihu sama babu komai. Ni kuwa saura sakan huɗu zan ja. Ƙarar tashi da ƙwayar farko, tare za su sauka.”

Otis ya ce, “Agogon wasa ba agogon bango ba ne, Delbert. Usur ɗaya ke tsayar da shi.”

“A sakan huɗun ƙarshe? Wa zai busa usur a sakan huɗun ƙarshe?”

“Duk alƙalin da aka taɓa haifa.”

“Ka san bambancina da kai, Otis? Kai tsintsiya ka karanta, ni lissafi.”

“Na ji. Wata takwas.”

Otis ya so ya kai ƙara wurin Koci Voss, amma ya tarar da mutumin ko abinci ba ya iya ci don fargabar wasa, sai ya ce ba zai ƙara masa kaya ba. Wannan shirun har yau yana cin ransa.

Laraba aka wuni suya. Delbert ya kunna injinan rumbunsa duka uku, hayaƙi ya tashi har masu kashe gobara suka zo, suka koma da gugguru cike da huluna. Matarsa Lorna ta leƙo ta gan shi yana kwarara narkakken man shanu a kan tulin da babbar buta.

“Delbert, a ƙasa za a zubar da shi. Man shanun na mene ne?”

“Guggurun Rusk bai taɓa fita gaya ba. In wani ɗan jarida ya tsinci ƙwaya ya jefa a baki fa?”

“In wani ɗan wasa ya taka fa?”

“A lokacin an gama wasa, mace.”

“Shekara talatin da huɗu ina jin ‘a lokacin’ ɗin nan naka. Ni dai a can bayan zaure zan zauna, kusa da ƙofa.”

Aka ɗaure tamfol biyu manya a ƙarƙashin rufi, aka juye buhu arba'in a ciki, aka naɗe tutar a tsakaninsu, igiya ɗaya ta haɗe su duka zuwa kan gadar. Da Otis ya ce ƙaurin mai ya cika zauren, sai Delbert ya buɗe tagogin rufi ya ce a bar su iska ta shiga.

Iska ta shiga, tattabaru ma suka shiga. Ranar Alhamis duk tattabarar da ke kwana a rumbunan hatsin gundumar nan ta ƙaura zuwa zauren Shahuna. Yara na atisaye, kashi na sauka. Koci Voss ya goge ƙeyarsa, ya dubi hannunsa, ya dubi sama.

“Delbert, mene ne wancan?”

“Ado ne, Koci. Sirri ne. Za ka gode mini.”

“Adon naka ya yi mini kashi a ka.”

“Ai sa'a ce. Ko a littafi an rubuta.”

“Ka fitar mini da tsuntsayen nan kafin Asabar, ko in fitar da kai tare da su.”

Delbert ya ce aikin minti goma ne. Ya sayo mujiyar roba ya kafa a kan gadar, kafin ya sauko tattabaru biyu sun hau kanta suna gyaran gashi. Ranar Juma'a ya ari magen maƙwabciyarsa, Misis Oakes, ya hau da ita cikin jaka. Mage ta fito, ta dubi tattabaru, ta shinshina man shanu, ta shige tsakiyar tamfol ta kwanta tana lasa. Ya miƙa hannu zai kamo ta, ta zana masa layi huɗu a kumatu. Misis Oakes ta tsaya a ƙasa tana ihu a dawo mata da 'yarta, Delbert na sama yana rantsuwa cewa dabara ce, kwanton ɓauna magen take yi. Da ya ce bari ya ɗauko bindigarsa, Otis ya tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya ya ce sai dai ta kan gawarsa. Ƙarshe dai masu kashe gobara suka sake zuwa suka sauko da magen, aka rufe tagogi, tattabaru kusan ɗari suna ciki.

“Ka gani?” in ji Delbert. “Yanzu ko ɗaya ba za ta ƙara shigowa ba.”

Asabar ta yi. Mutum dubu uku suka cika zauren da aka gina don dubu biyu da ɗari biyar. Tsofaffin da suka ga waccan tawaga da idonsu aka turo su a kekunan guragu aka jera a gaba. Delbert ya zo da jar kwat, ya bi sahu yana gaisawa da mutane kamar mai neman ƙuri'a, yana cewa kowa ya riƙa kallon sama. Sannan ya hau tsani, ya kama matakala, ya zauna a kan gadarsa da igiya a hannu da agogo a wuya, tattabaru hagu da dama.

Abin da injiniyan bai lissafa ba shi ne fitilu. Ranar wasa ana kunna su duka, ga numfashin mutum dubu uku yana tashi sama. Kafin a je hutun rabin lokaci man shanu ya narke, ya bi ta ramukan da tattabaru suka huda a tamfol, ya fara ɗiga. Wani ɗan wasan Ostrander ya taho da gudu, ya taka, ya tafi da gindi har teburin masu rubuta maki. Alƙalin wasa ya busa usur, ya durƙusa, ya dangwali wurin da yatsa ya shinshina.

“Man shanu?”

Otis ya zo da tsumma yana gogewa, bai ɗaga kai ba. Sai ga ƙwayar gugguru ta sauko tana lilo, ta sauka a kafaɗar alƙalin. Alƙali ya kira Koci Voss.

“Koci, zaurenku ne, jama'arku ce. Wannan gargaɗi ne. In wani abu ya sake faɗowa filin nan ya tsayar mini da wasa, baƙi za su sami jifa biyu na kyauta. Ka ji ni?”

Aka sanar da haka a lasifika. Kowa ya ji. Delbert ma ya ji, ya gyaɗa kai daga sama, ya ce wa tattabarar da ke kusa da shi ai shi ba zai tsayar da wasa ba, wasa ne zai ƙare a hannunsa. A hutu Otis ya tsaya ƙarƙashin gadar yana yi masa alama da hannu biyu cewa ya sauko, shi kuwa ya ɗaga masa babban yatsa.

Wasa kuwa ya yi wasa. Ban taɓa ganin yaranmu sun buga irinsa ba, kuma ba na jin zan ƙara gani. Ana saura minti biyar Bijimai na gaba da maki tara. Kyaftin ɗinmu, Tyrell Boone, ya jefa mai maki uku daga nesa ta shiga, ya sake ta shiga, zaure ya ɗauki ƙara har tattabaru suka tashi suna zagaye. Saura sakan goma sha ɗaya, Tyrell ya kutsa tsakanin ƙarti biyu ya ɗora ta a kwando. Sittin da takwas da sittin da bakwai, mu ne a gaba. Wanda mai fanke na kuka, tsofaffi na buga sandunansu a ƙasa.

Bijimai suka ɗauko ƙwallo. Goma. Tara. Delbert ya miƙe, ya naɗe igiya a hannu. Ba filin yake kallo ba, agogon allo yake kallo, leɓɓansa na motsi. Bakwai. Shida. Biyar.

Huɗu. Ya ja.

A daidai wannan lokacin Tyrell ya kai hannu ya doke ƙwallon, ta bugi gwiwar ɗan Ostrander ta fita waje. Usur. Agogo ya tsaya a kan sakan uku da ɗigo shida. Alƙali ya nuna hannu: ƙwallon Bellwick ce. Jefa ta ciki kawai ya rage, a rungume ta sakan uku, shekara arba'in da ɗaya ta ƙare. Koci Voss ya ɗaga hannuwansa biyu sama.

A kansu guggurun ya fara sauka.

A yi wa mutum adalci, lissafinsa daidai ne, sakan huɗu ya ɗauka. Buhu arba'in, jiƙe da mai, haɗe da gashin tsuntsu da abin da tsuntsu ke bari. Ya rufe 'yan wasa, ya rufe alƙalai, ya cika ƙahon masu busa. Tattabaru ɗari suka biyo abincinsu ƙasa. A tsakiyar wannan ƙazamin ruwa sai tuta ta warware, ja wur, tsawonta ya ninka na tsohuwar sau uku. A sama an rubuta ZAKARU. A ƙasa, da baƙaƙen da suka fi sunan kwalejin girma: KYAUTAR GONAR GUGGURU TA DELBERT RUSK.

Daga can rufi aka ji murya ɗaya tana ihu: “Mun ci! Mun ci! Ku dubi sama!”

Aka dubi sama kuwa.

Alƙali ya tofar da gugguru daga cikin usur ɗinsa, ya busa, ya haɗa hannuwansa ya yi alamar hukunci. Koci Voss bai yi gardama ba. Ya je ya zauna a benci, mai na bin fuskarsa, ya ƙura wa takalmansa ido.

Minti arba'in aka yi ana shara da wanke katako. Babu wanda ya fita, babu mai magana, sai ƙarar tsintsiya da kukan tattabaru. Sai Delbert, wanda ya leƙo ta gefen gadar yana bayani.

“Jama'a, laifin alƙali ne! Wa ya ce ya busa? Ku tambayi Otis, na auna sau bakwai!”

“Rufe mana baki, Kunne!” Wanda ce, daga sahu na uku.

Ɗan Ostrander ya tsaya a layi, wani siririn yaro mai tabarau. Ya buga ƙwallo a ƙasa sau uku ya jefa, ta shiga. Ya sake, ta shiga ko ƙarfen kwandon ba ta taɓa ba. Sittin da tara da sittin da takwas. Aka ba mu ƙwallonmu da sakan uku da ɗigo shida. Tyrell ya karɓa ya ruga, ya jefa daga tsakiyar fili, ta bugi bakin kwando ta yi waje. Aka busa tashi. Tyrell ya kwanta rub da ciki a kan katako ya rufe kansa da hannu.

Al'ada ce wanda ya ci wasan ƙarshe ya hau ya yanke ragar kwando ya tafi da ita, ko da a zauren wasu ne. Kocin Ostrander ya zo wurin Otis cikin ladabi, yana kakkaɓe gugguru daga gashinsa.

“Dattijo, a yi haƙuri. Ko akwai tsani?”

“Akwai guda ɗaya,” in ji Otis. Ya taka har jikin bango, ya ɗauke tsanin da ke ƙarƙashin matakala, ya kai musu da kansa.

Delbert ya sauko matakalar har inda ta ƙare, ya zura ƙafa ya ji iska.

“Otis! Tsanin!”

“Baƙi na aiki da shi.”

“Lorna! Lorna, gaya masa!”

Kujerar da ke kusa da ƙofa babu kowa a kanta.

Haka ya rataye da jar kwat ɗinsa, yana kallon Bijimai suna hawa ɗaya bayan ɗaya suna yankar ragarmu, kowa ya ɗaga guntunsa ya sumbata. Ya roƙi Otis, ya roƙi masu kashe gobara, ya tuna wa jama'a cewa shi ne shugaban magoya baya. Baƙi suka gama, suka kwashi ragarsu suka fita suna waƙa. Mutanen Bellwick kuwa ba wanda ya motsa. Sai ma suka fara gangarowa daga kujeru a hankali, dubu uku, suka taru a gindin bangon, tsofaffi masu kekuna a sahun gaba, Misis Oakes da jakarta a dunƙule, Koci Voss a tsakiya hannuwansa a aljihu.

Otis ya ɗauko tsanin, jama'a suka dare suka ba shi hanya. Ya jingina shi daidai ƙarƙashin ƙafar Delbert, ya girgiza ya ga ya zauna, ya riƙe da hannu biyu.

“Sauko, Delbert. Jama'a na jiranka.”

Delbert ya leƙa ƙasa. Ya dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, ya nemi guda mai murmushi bai samu ba. Ya janye ƙafarsa, ya hau mataki ɗaya sama, ya ƙara wani.

“Otis,” ya ce da wata 'yar siririyar murya, “don Allah ɗauke tsanin nan.”